Daga Kano zuwa bakin teku a mota: yadda za a haɗa kogwanni da magangarun ruwa a tafiya ɗaya

Tambaya: Mu huɗu ne abokai, duk mazauna Kano. Mun samu hutun mako biyu, kuma muna da Camry mai lafiya. Muna son mu tuƙa da kanmu har mu ga teku, a hanya kuma mu tsaya mu ga kogwanni da magangarun ruwa. Wace hanya ta fi, wane lokaci ya dace, me ya kamata mu shirya?

Amsa: Malam, tafiyar mai yiwuwa ce, kuma mako biyu ya isa. Sai dai kafin a zo maganar hanya, a fara da wata, domin abubuwa ukun da kuke son gani ba lokaci ɗaya suke kyau ba. Magangarar ruwa tana cika ne a tsakiyar damina, Agusta zuwa Satumba, amma a lokacin ne hanyoyin ƙauye da ke kai wa gare ta suke zama taɓo, kogwannin da rafi ke ratsawa su zama haɗari, teku kuma ta yi fushi. Idan kuka jira rani, Fabrairu ko Maris, hanya ta bushe amma magangarun Arewa sun tsotse, sai ka sha wahala ka je ka tarar da 'yan zirara a jikin dutse. Tsakiyar nan ita ce ƙarshen Oktoba zuwa ƙarshen Nuwamba. Ruwa ya ɗauke a Arewa, koguna suna da sauran ƙarfi, a Kudu kuma ruwan ya fara sassautawa. Kalaba tana samun ruwan sama kusan milimita 3,000 a shekara, Kano kuwa ba ta cika kai 1,000 ba, saboda haka ko a Nuwamba kada ku yi mamaki idan ruwa ya tare ku a Kuros Riba. Disamba ban ba ku shawararta ba. Hazo ya sauko ya rufe tsaunukan da kuka je kallo, titunan Kudu sun cika da masu tafiya Kirsimeti, ga bikin Kalaba da ake yi tun 2004 wanda ke sa kuɗin otal ya tashi.

Hanyar da ta fi haɗa abubuwan uku ita ce ta gabas: Kano, Birnin Kudu, Bauchi, Yankari, Jos, Akwanga, Lafiya, Makurɗi, Gboko, Ogoja, Ikom, Kalaba, Uyo, sai bakin teku a Ibeno. A dawo ta Inugu, Lakwaja, Abuja, Gurara, Kaduna, Kano. Da shige-da-ficen da za ku yi, ku ƙiyasta kilomita 3,200 zuwa 3,600. Camry ɗauke da mutum huɗu da kaya, ga na'urar sanyi a kunne, ku lissafa mata kilomita 9 zuwa 10 a lita. Kenan lita 320 zuwa 400 ta fetur. Ku ninka da farashin ranar da za ku tashi, ku ƙara kashi 15 cikin ɗari don ɓata da cunkoso.

Kada ku tsara kwanakin da kilomita, ku tsara su da hasken rana. A Nuwamba gari na wayewa wajen ƙarfe shida da 'yan mintuna, rana ta faɗi wajen shida. Ku tashi bayan asuba, ku kasance kun shiga garin da za ku kwana kafin biyar na yamma. A wasu titunan Kudu kilomita 100 tana iya cin awa uku, komai abin da taswirar waya ta ce. Tuƙin dare babu shi a wannan tafiya, ko da saura kilomita 40 ne.

Shi kuma tsaro yana canza fuska mako-mako, don haka labarin bara ba shi da amfani. Waɗanda suka fi kowa sanin halin hanya a yau su ne direbobin da suka biyo ta jiya. Kwana biyu kafin tashi ku je 'Yan Lemo a Na'ibawa ku tambayi direbobin da ke kawo lemo daga Binuwai halin titin Makurɗi zuwa Gboko, ku je tashar manyan bas ta Sabon Gari ku tambayi na Inugu da Anaca. A kowane garin da kuka kwana, ku sake tambaya a tasha kafin ku kama hanya. Idan mutum biyu da ba su san juna ba suka ce kada a bi wuri, a fasa.

Sai motar. Mako guda kafin tafiya a kai ta gareji, ba ana gobe ba, don abin da aka gyara ya samu kwanakin gwaji a cikin gari. Taya ce farko. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara: 2322 na nufin mako na 23 a 2022. Wadda ta haura shekara huɗu a canza ta ko da zanenta bai cinye ba, musamman tayoyin gwanjo da suka sha ranar Kano. Safaya ta zama cikakkiyar taya, ba 'yar siririyar nan da ke zuwa da mota ba. A duba birki gaba da baya, a juye man birki idan ya kai shekara biyu, saboda yana tsotsar danshi daga iska, kuma man da ya sha ruwa yana tafasa da wuri idan birki ya yi zafi. A sa sababbin waifa. Wannan shi ne abin da mutanen Kano suka fi mantawa, robar ta bushe tun bazara, sai ruwan Ikom ya sauko a tarar tana shafa taɓo ne kawai a gilashi. A wanke lagireto a zuba masa ruwansa na musamman mai launi, ba na famfo ba. Idan wani bakanike ya taɓa cire tamostat ya haɗa fanka kai tsaye, kamar yadda ake yawan yi a nan, wannan ɓoye ciwo ne ba magani ba, a nemo dalilin zafin tun a gida. A Ƙofar Ruwa ku sayi fanbel ɗaya, fis-fis, lita biyu ta baƙin mai, ƙaramin man birki, igiyar jan mota, wayar haɗa batir da famfon iska mai aiki da batirin mota. Jak da sifanar taya ku gwada su da hannunku a ƙofar gida.

Takardu na asali da kwafi biyu-biyu: lasin tuƙi na duk wanda zai taɓa sitiyari, rajistar mota, inshora, shaidar mallaka, takardar lafiyar mota, da izinin baƙin gilashi idan akwai. Tukunyar kashe gobara da alamar kusurwa uku su kasance a inda hannu zai kai. Kowa ya riƙe katin shaidarsa. Wani abu kuma da bai kamata a yi wasa da shi ba: kada a sa adda, wuƙar farauta, barandami ko wani abu mai kama da makami a but, ko da niyyar saran ciyawa ce a hanyar daji. Mutanen Kano ba su manta da mafarauta 16 da aka kashe a Uromi ta jihar Edo a Maris 2025 ba. Mota mai lambar Kano da samari huɗu a ciki dole za a buɗe ta a shingaye da dama, to a tarar da ita babu abin da za a yi wa fassara. Lambar gaggawa ta hukumar kiyaye haɗurra 122 ce, ta ƙasa baki ɗaya 112.

Ranar farko ku fita ta Wudil. Birnin Kudu tana kimanin kilomita 130 daga Kano, kuma nan ne zangon farko. A Dutsen Mesa da Dutsen Habude akwai rumfunan dutse masu tsofaffin zanen shanu da jan launi a bango. Ba kogo ne mai zurfi ba, awa ɗaya ta isa, amma ku nemi mai kula da wurin ya kai ku, kuma kada a shafa zanen da hannu ko a watsa masa ruwa don ya fito a hoto. Daga nan Ningi, sai Bauchi wajen azahar. Ku cika tanki a Bauchi ku sayi abin da za ku ci, sannan ku bi titin Gombe zuwa Dindima, ku karya dama zuwa ƙofar Yankari a Mainamaji. Daga ƙofa zuwa sansanin Wikki akwai sauran fiye da kilomita 40 a cikin daji, ku sa wannan a lissafi.

Yankari ta cancanci kwana biyu. Kogwannin Marshall ɗakuna ne 59 da mutanen zamanin baya suka haƙa a jikin dutsen yashi, ƙofofinsu ƙanana, sai an durƙusa ake leƙawa, kuma an sa musu sunan mutumin da ya bayyana su a 1980. Ba a zuwa sai da jami'in gandun, kuma motar gandun ta fi Camry dacewa da wannan hanya. Ruwan Wikki yana fitowa daga ƙarƙashin dutse da ɗumi kusan digiri 31 dare da rana, garai-garai har ana ganin yashin ƙasa, kuma a duk tafiyar nan shi ne wurin da ya fi aminci a yi wanka. A Nuwamba ciyawa tana da tsayi, ganin giwa sai an yi sa'a, wanda dabbobi suka dama sai ya dawo a ƙarshen rani. Gwaggon birin sansanin kuwa ba sai an neme su ba, suna buɗe ƙofar ɗaki da ta mota, suna fizge leda daga hannu. A kulle komai. A cikin daji akwai tsando, a sa riga mai dogon hannu, a guji baƙi da shuɗi don su ne launukan da ke jawo shi.

Daga Yankari a koma Bauchi a hau Jos, a kwana. Ku ɗauki rigar sanyi, garin yana sama da mita 1,200 daga matakin teku. Washegari ne za ku sauka Hawan Kibo, kuma nan ne wurin da direban da ya saba da shimfiɗaɗɗen titin Kano zuwa Zariya yake shiga matsala. Gangara ce mai tsawo da kwana-kwana. Wanda ya ɗora ƙafa a birki tun daga sama bai ɗaga ba, birkin zai yi zafi, man ya tafasa ya zama tururi, sai ya taka ya ji ƙafarsa ta tafi ƙasa ba tare da mota ta tsaya ba. Abin yi shi ne a sauke giya tun kafin a fara gangarawa, a motar otomatik a mayar da ita 2 ko L, inji ya riƙe motar, birki kuma a riƙa taka shi da ƙarfi na ɗan lokaci ana saki. Idan kuka ji ƙaurin ƙonewa, ku samu fili ku tsaya minti 20 zuwa 30. Kada a watsa wa ƙafar motar ruwa, ƙarfen da ya yi zafi yana lanƙwashewa. Kada kuma ku zauna a gaban tirela ko tanka a gangarar, ko ku bar ta ta wuce tun daga sama ko ku yi mata nisa sosai. Magangarar Assop tana gindin hawan, kusa da titi, kimanin kilomita 60 daga Jos. Ba ta da tsayi sosai, amma wuri ne mai inuwa da ya dace da hutun birki.

Farin Ruwa ita ce babba a wannan ɓangare, tsayinta kusan mita 150, tana zubowa daga gefen tsaunukan Filato a ƙaramar hukumar Wamba ta jihar Nasarawa. Daga Akwanga ake karyawa zuwa Wamba, daga Wamba kuma akwai kimanin kilomita 30, kuma ƙarshen hanyar ba na Camry ba ne. Tsakanin cikin motar da ƙasa bai wuce santimita 15 ba, da mutum huɗu a ciki ya ragu, dutse ɗaya ya isa ya fasa tukunyar baƙin mai. A ajiye mota a inda kwalta ta ƙare a hannun wanda aka sani a garin, a hau babura, a gama da ƙafa. A sanar da mai gari ko ofishin 'yan sanda cewa an shiga, a ɗauki ɗan jagora daga ƙauyen, a juyo kafin ƙarfe biyu. Wannan ziyara yini guda take ci, saboda haka a kwana a Akwanga a tashi mata da sassafe, ba a haɗa ta da saukowa daga Jos ba.

Ga abin da ke kashe mutane a irin waɗannan wurare, kuma ya shafi duk magangarun da za ku je. Dutsen da feshin ruwa ke taɓawa yana da gansakuka mai santsi wadda ido ba ya gani sosai. Silifa da takalmin fata ba sa riƙe ta, sai kambas mai gindin roba. Yawancin faɗuwa wajen neman hoto take faruwa, mutum yana ja da baya idonsa na kan waya. Gurbin da ruwa ke faɗowa ya fi yadda ake zato zurfi, kuma ruwan yana juyawa ne a ƙasa yana mayar da abin da ya shiga gindin dutsen, ga shi cike da kumfa wadda ba ta ɗaga jiki kamar ruwa zalla, don haka ko gwanin iyo yana nutsewa a nan. Sannan ruwan sama da aka yi a kan tsauni, inda ba ku gani ba, yana iya isowa bayan awa ɗaya ko biyu rana na tsaka a inda kuke. Idan ruwa ya fara canzawa zuwa ja, ko ganye da itace suka fara biyo shi, ko ƙararsa ta ƙaru, a hau tudu nan take, a bar kayan. A bakin ruwa mai gudu akwai wani ƙaramin baƙin ƙuda mai cizo da rana wanda ke yaɗa cutar makanta, dogon wando da safa suna rage shi. Ruwan da ke kwance kuma, kududdufi ko gefen rafi mai ciyawa, a bar shi saboda tsargiya.

Akwanga zuwa Lafiya zuwa Makurɗi tagwayen hanya ce mai kyau, akwai wuraren biyan kuɗin hanya, ku riƙe katin banki a kusa. Ku tsallake gadar Binuwai, ku ci abinci a unguwar Wadata inda Hausawa suke, ku wuce Gboko. Daga Gboko na fi son ta Vandeikya zuwa Ogoja a kan ta Katsina-Ala, saboda yankin can ya daɗe yana fama da 'yan bindiga. Za ku wuce Gakem a kan iyakar jihohin Binuwai da Kuros Riba, inda aka yi harbin farko na yaƙin basasa a Yuli 1967. Daga nan ƙasa ta fara canzawa, itatuwa suna tsayi, iska tana nauyi, gilashi yana yin raɓa daga ciki idan ana ruwa. Maganin raɓar shi ne a kunna na'urar sanyi a juya iskarta kan gilashin gaba, ba a goge da tsumma ba. Mai kuma daga nan a riƙa cika tanki da zarar ya kai rabi, a manyan gidajen mai na cikin gari, a bar na 'yan bumburutu.

Agbokim tana kimanin kilomita 17 daga Ikom, kusa da iyakar Kamaru. Rafuka bakwai ne suke zubowa a jere cikin wani kwari mai duhun itatuwa, kuma tun da ruwan yankin ba ya ɗaukewa da wuri, a Nuwamba za ku same ta a cike. Safiya ɗaya ta isa. Ikom zuwa Kalaba ya haura kilomita 200, manyan motoci sun cinye wurare da dama, ku ba shi yini. Idan kuka tarar da ruwa ya kwanta a titi, ku tsaya ku ga inda ya kai wa wata ƙaramar mota. In ya wuce tsakiyar taya kada ku shiga. Inji yana shaƙar iska ta wata kafa da ke ƙasa-ƙasa a gaban motar, idan ya shaƙi ruwa a maimakonta sandunan fistin suna lanƙwashewa, domin ruwa ba ya matsuwa. Motar da ta mutu a cikin ruwa ba a sake yi mata ki. A tura ta waje, a cire fulogogi, a juya injin ruwan ya fita, a duba baƙin mai ko ya koma kalar madara.

Kalaba a bakin kogi take, ba a bakin buɗaɗɗiyar teku ba, kada ku isa ku ce an yaudare ku. Amfaninta shi ne hutu da abinci da magangarar Kwa, wadda ke Akamkpa, ba ta da nisa da gari, ana sauka mata ta matakala 234. Saukar ba komai, hawowar ce ke gwada gwiwa. A Bogobiri, unguwar Hausawa, za ku samu masallaci da tsire da mai shayi, da wanda zai gaya muku gaskiyar halin titin Itu. A gidajen abinci na sauran gari ku tambayi irin naman kafin a zuba, domin a Kuros Riba da Akwa Ibom, kamar wasu sassan Filato, ana sayar da naman kare da na alade a fili. Kifi ya raba gardama. Alƙibla ma ta ɗan motsa: a Kano tana wajen digiri 68 daga arewa, a Kalaba wajen 59, wato ta ƙara karkata hagu.

Titin Kalaba zuwa Itu zuwa Uyo kusan kilomita 100 ne kawai, amma ya yi suna wajen cunkoson tireloli, ku fita da asuba. Daga Uyo sai Eket, sai Ibeno, inda kogin Qua Iboe ke shiga Tekun Atilantika. Yashi ne shimfiɗe na kilomita masu yawa, ga jiragen masunta, can nesa kuma ana hango wutar kamfanonin mai. Kada a ɗauki hoton tashar mai ko shingen sojojin ruwa. Ku kwana a Eket ku yi wa tekun zuwa biyu, yamma da safiya.

Wanda ya koyi iyo a Tiga ko Challawa bai koyi iyon teku ba. Igiyar ruwa tana tara ruwa a gaɓa, ruwan kuma dole ya koma, sai ya samu wata siririyar kafa a cikin yashi ya bi ta da gudu zuwa ciki, kamar yadda ruwan unguwa guda ke haɗuwa ya bi kwalbati ɗaya bayan mamako. Abin da ke ruɗin baƙo shi ne wannan kafa ita ce ta fi kama da wuri mai lafiya: igiya ba ta fashewa a nan, ruwan ya fi duhu, ya yi luf. Idan ka lura za ka ga kumfa da tarkace suna tafiya ciki maimakon su zo gaɓa. Wanda ta ja, kada ya yi kokawar komowa kai tsaye, ƙarfinsa zai ƙare. Ya kwanta a bayansa ya ɗaga hannu, ko ya yi iyo a gicciye, gefe-gefe da gaɓa, har ya fita daga kafar, don yawanci ba ta da faɗi sosai. Na kan tudu kada ya faɗa ya bi shi, ya kira masunta, ya jefa jarka ko wani abu mai yawo a ruwa. Shawarata ga ku huɗun ita ce kada ruwa ya wuce muku gwiwa, kuma kada a juya wa teku baya. Tana cikowa tana janyewa sau biyu a yini, kusan awa shida-shida, lokacin kuma yana jinkirta da kusan minti 50 kowace rana, saboda haka busasshen yashin da kuka ajiye takalma da waya a kai da ƙarfe uku yana iya zama ƙarƙashin ruwa da biyar. Mota kada ta taka yashin ko kaɗan. In tsautsayi ya sa ta kafe, kada a ba ta wuta don ƙara nutsewa za ta yi, a rage iskar tayoyin gaba zuwa kusan rabi, a haƙe gabansu, a sa katako ko shimfiɗar ƙafa, a fita a hankali, a mayar da iska da famfon nan. Ruwan teku yana alwala, amma a wanke ƙarƙashin mota da ruwan daɗi a Uyo saboda gishiri.

A dawowa ku bi Ikot Ekpene da Umuahia zuwa Inugu. Ku tsara yadda Litinin ba za ta same ku a kan titi a jihohin Kudu maso Gabas ba, saboda zaman gida na ranar Litinin da aka fara tilasta wa mutane a 2021. Kogwannin gaske a nan suke. Na Ngwo yana cikin dajin itatuwan da ke gefen Inugu, ruwa na zubowa ta wata kafa a rufinsa. Na Awhum yana ƙaramar hukumar Udi, kusa da gidan ibadar Kiristoci, ana takawa cikin rafi tsakanin bangon dutse biyu kusan minti 45 kafin a kai inda ruwa ke faɗowa. Masu ziyarar ibada suna zuwa, a shiga da kamun kai. Ogbunike kuma tana kusa da Anaca a jihar Anambra, ana sauka ta matakala 317, ana cire takalmi a bakin kogon bisa al'adar garin, ciki akwai babban zaure da ramuka da ke rarrabuwa, wasu sai da rarrafe. Tana jerin wuraren da Najeriya ta miƙa wa UNESCO tun 2007 don a sa su cikin wuraren tarihi na duniya. Wurin yana da alaƙa da addinin gargajiya, amma ba a tilasta wa baƙo yin komai, kallo kuka je. Zuwa da dawowa daga Inugu yini ne, kuma idan labarin hanyar bai yi daɗi ba, ita ce farkon abin da za a yanke.

A kogo fitilar waya ba fitila ba ce. Kowa ya samu ta ɗaurawa a goshi don hannu biyu su zama a sake, a ƙara tocila ɗaya da batir na ajiya a cikin leda. Ba a shiga ba ɗan jagora, ba a rabuwa, ba a shiga wanda rafi ke ratsawa idan hadari ya haɗu. Kashin jemage da ya bushe yana ɗauke da ƙwayar cutar huhu, a sa takunkumi, kada a tayar da ƙura, a wanke hannu kafin a ci abinci. A bakin kogo a duba sama saboda zuma, kuma turare mai ƙarfi yana tayar da ita. Duk wanda ya ji numfashinsa yana sama-sama ko kansa na juyawa, iskar wurin ce ta yi ƙaranci, a fita gaba ɗaya. Wanda zazzaɓi da tari suka kama cikin mako biyu ko uku bayan dawowa ya gaya wa likita cewa ya shiga kogon jemagu.

Daga Inugu sai Obollo-Afor, Ajaokuta, Lakwaja, inda za ku iya hawa Dutsen Patti ku hango mahaɗar Neja da Binuwai, sai Abuja a kwana. Gurara ce ta ƙarshe. A mahaɗar Dikko ake barin titin Kaduna a kama na Minna, ba a jima ba a karya. Tsayinta kusan mita 30 ne amma faɗinta ya kai kusan 200, kuma ta ci mutane da dama da suka shiga wanka lokacin da take cike, a kalle ta daga tudu. Idan kuka isa da takwas na safe kuka bar ta kafin goma, za ku wuce Kaduna da azahar ku shiga Kano kafin magariba. In aikin titi ko cunkoso ya riƙe ku har la'asar ta yi muku a Kaduna, ku kwana a nan ko a Zariya.